Wa ke biyan kuɗin ci gaban da ake yi cikin gaggawa?

Abu Usman, Gadarif:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so mu tattauna ta a tsanake, musamman yanzu da ake ta zancen yadda za a sake gina ƙasarmu Sudan idan Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ce a jawo masu zuba jari, a buɗe wuraren haƙar ma'adinai, a faɗaɗa noma, domin tattalin arziki ya miƙe cikin sauri. Ban ƙi ko ɗaya daga ciki ba, amma mu da muka manyanta a nan mun taɓa ganin irin wannan sauri, mun kuma ga abin da ya bari a baya.

An fara noman inji a yankinmu tun tsakiyar shekarun 1940, sai dai bai bunƙasa sosai ba sai bayan da aka kafa hukumar noman inji a 1968, sannan dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Lokacin da nake yaro, kudu da garinmu dajin dakwara ne da dushe, kuma da ƙaron da mahaifina ke ɗiba da rani muke cike giɓin shekara idan damina ba ta yi kyau ba. Da aka zo aka yanka dajin mashru'i-mashru'i, wato manyan gonaki, kowanne fadan (awon fili mai kusan girman eka) 1,000 ko 1,500, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata daga birni ne suka samu. Tarakta ta tumɓuke itatuwa, dawa da riɗi suka yi albarka na wasu shekaru, aka yi ta kiran Gadarif rumbun Sudan. Daga baya ƙasa ta gaji, ƙuduji ya mamaye gonaki, mai mashru'i kuwa ya ɗauki injinsa ya nausa gaba inda daji bai ƙare ba. Doka ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina ga itatuwa, amma kana iya tafiyar awa guda a mota ba ka ga inuwar da za ka tsaya ka yi sallar azahar ba. Burtalin makiyaya ma an nome shi, shi ya sa kowace kaka sai an ji labarin faɗa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake lissafin. Idan an sare bishiya an mayar da ita gawayi an sayar, kuɗin yana shiga lissafin arzikin ƙasa na wannan shekara, amma babu wanda ke cire darajar dajin da aka rasa daga lissafin. Shin abin da ake kira bunƙasa ba cin jarin jikokinmu ba ne, muna kiransa riba?

Abu Yasir, Riyad:

Wa alaikumus salam Baba Abu Usman. Allah Ya ƙara girma. Na yarda da abin da ka gani da idonka, amma ina roƙon a ba ni dama in tsaya a ɗaya ɓangaren, domin ina tsoron kada mu ɗora wa ci gaba laifin da talauci ne ya fi aikata shi. Wa ke saran itace a yau, idan ba matar da ba ta da abin dafa abinci ba? Bayan da matatar mai ta Jaili ta fara aiki a 2000, tukunyar gas ta yi araha, ta shiga gidajen da ba su taɓa sanin wani makamashi ba sai gawayi da kara, kuma daji ya ɗan samu sauƙi. Kuɗin man fetur ne ya kawo wannan. Da yaƙi ya zo, gas ya yi wuya, kowa ya koma kan gatari, har itatuwan da ke bakin tituna ba su tsira ba.

Mu dubi Sin. A cikin shekara 40 ta fitar da mutane kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci. Gaskiya ne hayaƙi ya taɓa turnuƙe Beijin har mutane ba sa ganin ginin da ke gabansu, amma tun daga 2013 gwamnati ta ɗaura ɗamarar yaƙi da gurɓatar iska, kuma iskar ta gyaru ƙwarai, saboda a lokacin ƙasar tana da kuɗi da masana da za su yi aikin. Mai jin yunwa ba ya dasa bishiyar da sai bayan shekara biyar za ta fara ba shi ƙaro. A matsayina na injiniyan lantarki, na san abin da megawat 1,250 na madatsar Marawi ya yi wa asibitoci da masu injin ban ruwa a arewa bayan 2009. A ganina, a fara samun arzikin tukuna, gyaran zai biyo baya.

Ummu Khadija, Kassala:

Yaya Abu Yasir, maganarka tana da nauyi, amma kalmar da ka rufe da ita, cewa gyara zai biyo baya, ita ce ake faɗa wa mutanen Jazira tun zamanin kakanninmu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru ina aiki a ƙauyukan da ke kewayen Madani kafin yaƙi ya koro mu nan. An kammala madatsar Sinnar a 1925, mashru'in noman ban ruwa na Jazira tare da faɗaɗawarsa ta Manaƙil ya kai kimanin fadan miliyan 2, kuma audugarsa ce ta riƙe baitulmalin ƙasar nan shekaru da dama kafin a san da mai. Su wa suka tsinci audugar? Da yawansu iyayenmu ne da suka tsaya a hanyar hajji, da 'yan'uwanmu daga Darfur. Har yau jikokinsu suna zaune a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, a gefen tur'a, magudanar ban ruwa, mafi yawa ba su da hawasha, wato gona a cikin mashru'in, tasu ta kansu, ba famfo, ba asibiti, wasu wuraren ko makaranta babu. Shekara 100 ke nan, gyaran bai iso kambo ba.

Zan faɗi abin da na riƙa gani. Yaro ɗan shekara takwas za a kawo mini yana fitsarin jini, uwarsa ba ta ma ɗauke shi ciwo ba, domin duk sa'anninsa haka suke. Tsargiya ce, daga ruwan tur'ar da suke wanka a ciki, suke sha, suke wanke kwanuka. A gidaje da yawa na tarar da jarkar maganin feshi an ɗauraye ta an mayar da ita ta ruwan sha ko ta man girki, tambarin ƙoƙon kai da ƙasusuwa yana nan a jikinta bai goge ba. Idan na yi magana sai uwar gida ta ce mini, to 'yar nan, wace jarkar za mu samu? Kowa a Jazira ya san zancen tsofaffin magungunan ƙwari da aka binne a Hasahisa, da yadda mazauna wurin suka yi shekaru suna kuka a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, abin da na gani ke nan.

Ɗan Maiwurno:

Iyayena da yayyena, ku gafarce ni in sa baki, ko da yake ni ne ƙarami a cikinku. Bayan da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man, zinariya ce ta zama abin dogaro, kuma ni ina cikin samarin da suka bar gona suka tafi neman ta a hamadar da ke wajen Abu Hamad. Na yi shekara uku a can.

Ga yadda aikin yake. Mukan haƙo dutse daga rami mu zuba a buhu, a kai kasuwa irin ta Abidiyya inda injinan niƙa suke. Idan an niƙa sai a zuba garin a kwatarniya da ruwa, a sa zaiba, mu cuɗa da hannu ba safa ba komai, domin zaiba ce ke kama ƙwayar zinariyar. Sannan a matse a ƙyalle, a ɗora dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi ta bi iska, zinariyar ta rage. Mutum yakan sunkuya daf da wutar yana kallo, saboda tsoron kada a cuce shi, hayaƙin kuma yana shiga hancinsa. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana ƙona mana, hannunsa yana karkarwa har ba ya iya kai kofin shayi bakinsa sai ya riƙe da hannu biyu, mu kuwa muna cewa tsufa ne. Ragowar ƙasar da muke kira karta, kamfanoni ne ke saye su sake tace ta da gubar sayanaid a manyan tafkuna. Na ga tsuntsaye a mace a bakin irin wannan tafki, na kuma ga makiyayin da awakinsa suka sha ruwan da ya malalo bayan an yi ruwan sama, bai tashi da ko ɗaya ba. Mutanen Talodi sun yi zanga-zanga a kan wannan a 2019, gwamnatin riƙon ƙwarya ta sanar da hana amfani da zaiba da sayanaid, amma a ramukan da na sani aikin bai tsaya ko na yini ɗaya ba.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, da kuɗin zinariya na yi wa mahaifiyata ɗaki na bulo, na aurar da ƙanwata. Ƙanena yana can har yanzu. Idan na ce ya dawo, me zan ba shi ya yi?

Abu Maryam, Kano:

Ɗan'uwa Ɗan Maiwurno, labarinka ya tuna mini da abin da ya faru a gida, ni da na yi karatu a Khartum na koma Kano. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, kuma sama da 400 ne suka rasu. Dutsen zinariyar wurin yana ɗauke da dalma, mutane kuma suna kawo shi cikin gida su daka su niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa kafin likitoci su iya yi wa yaran magani, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin gubar. Waɗanda suka rayu, da yawansu dalmar ta riga ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba ya gyaruwa da kuɗi.

Ga kuma ƙasar Ogoni, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ta daga gurɓatar man fetur na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A arewacin Najeriya ma, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da fadamun Hadeja da Nguru ke rayuwa da ita, masunta da manoman shinkafa na can suka ɗanɗana kuɗarsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Baban Sadiya, Jidda:

Abu Yasir, ɗana, kai da kake Riyad ka fi ni sanin lissafi, amma ni na riga ka zuwa ƙasar nan, kuma ina so in tuna maka da zancen alkama. A shekarun 1980 Saudiyya ta ƙudiri aniyar ciyar da kanta, gwamnati ta riƙa sayen alkama daga manoma da farashi mai tsoka, hamada ta yi kore, har ƙasar ta shiga sahun masu fitar da alkama waje. Ruwan da aka yi wannan da shi kuwa tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru, wanda ruwan sama na yanzu ba ya mayar da shi. A 2008 hukuma da kanta ta yanke shawarar janye shirin sannu a hankali har zuwa 2016, saboda ta ga rijiyoyi suna ƙara nisa. Ka ga nan akwai kuɗi, akwai masana, amma kuɗin bai dawo da ruwan ba. Abin da kuɗin ya yi shi ne ya ba su ikon neman gonaki a wasu ƙasashe, ciki har da Sudan, inda ake noma ciyawar dabbobi ta barsim da ruwanmu a ɗora a jirgi a kai wa shanun ƙasashen Larabawa. Mu idan namu ruwan ya ƙare, ƙasar wa za mu je mu yi haya?

Game da birni kuma, ina nan a watan Nuwamba na 2009 lokacin da ambaliya ta ci mutane sama da 100 a Jidda, kuma unguwannin da aka gina a kan hanyar kwari lokacin da garin ke faɗaɗa ba tsari su ne suka fi shan wahala. Sannan daga ƙarshen 2021 aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil domin sabon tsarin birni. Ban ce unguwannin ba su da matsala ba, suna da ita. Amma a can ne maƙwabta suka san juna shekara 50, a can mai ƙosai da tela da malamin allo suke samun abinci, kuma da aka watse kuɗin haya ya tashi, mutanen da suka yi zaman amana tare kowa ya kama gabansa.

Malam Abu Hafsa, Damazin:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ni zan tsaya ne a kan madatsu, tunda an ambaci Marawi. A 1964 aka kwashe mutanen Wadi Halfa, kimanin 50,000, zuwa Khashmul Girba saboda madatsar Aswan ta Masar, suka bar dabinonsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa. A Marawi ma dubun-dubatar mutanen Hamdab da Amri da Manasir ne suka tashi, wasunsu ruwa ya cim musu suna cikin gidajensu saboda sun ƙi yarda a kai su hamada nesa da kogi. A Kajbar, inda aka shirya gina wata madatsa, an harbe masu zanga-zanga a 2007 tun kafin a aza tubali. Mu a nan an ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10, aka kammala a 2013, aka tattara ƙauyukan da ruwa zai ci aka zuba su a sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. Manomin da ya saba da jarfin bakin kogi, inda yake shuka masara da kuɓewa idan ruwa ya janye, ya wayi gari a gida mai kwano ba gona a kusa, ga wutar da ake samarwa a ƙofarsa tana wucewa ta kansa zuwa Khartum.

Ina faɗar abin da zai biyo baya da nauyin zuciya. Rikicin da ya auka mana a jihar Nil Azraƙ a watan Yuli na 2022, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, yana da dalilai na siyasa da na sarauta da kowa ya sani. Amma ruwa ba ya tsami banza. Idan manyan mashru'ai suka cinye fili ta wannan gefe, tafkin madatsa ya cinye ta wancan, sauran ɗan abin da ya rage shi talakawa za su yi ta tunkuɗar juna a kai, kuma a ranar ne ake fara tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Babu wanda ya sa jinin da aka zubar a cikin kuɗin gina madatsa, alhali yana cikin abin da aka biya.

Abu Yasir, Riyad:

Na karanta duka, kuma maganar Baban Sadiya ta sa na sake tunani. Na janye cewa kowace ɓarna tana jiran gyara. Hayaƙin birni yana washewa idan an rufe masana'antar da ke fitar da shi, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya ƙare, da ƙwaƙwalwar yaron da dalma ta taɓa, da zaibar da ta shiga laka da kifi, waɗannan ba sa dawowa. Japan ta koyi haka a Minamata tun 1956, shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba take ɗauke da sunan garin.

Inda har yanzu nake tsaye shi ne, duk misalan da kuka kawo ba saurin ne kaɗai ya haifar da su ba, rashin wanda zai tsawata ne. Dokar kashi 10 tana nan a rubuce, ba a bi ta ba. Akwai ƙaramar tukunya mai murfi da bututu da ake ƙona dunƙulen zinariya a ciki, tururin zaibar ya bi bututun ya huce a ruwa a sake amfani da shi, kuma kowane maƙeri zai iya haɗa ta da bututun famfo. Madatsa ma ana iya gina ta bayan an zauna da mutanen wurin, an biya su diyya kafin ruwa ya taso, an ba su fili a bakin tafkin, an fara ba ƙauyukansu wuta. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ba ta da halin cewa ba ta son jari.

Abu Usman, Gadarif:

Ɗana Abu Yasir, mun matso kusa da juna, amma akwai sauran tazara. Kana raba sauri da rashin tsawatarwa kamar abu biyu ne, ni kuwa a abin da na gani tare suke tafiya. Duk lokacin da gwamnati ta matsu da kuɗin waje, abin da ake fara yafe wa mai jari shi ne binciken illar aikinsa ga muhalli da zama da mutanen gari, domin su ne ke cin lokaci. Daga 1999 da aka fara fitar da mai zuwa 2011, an lissafa Sudan cikin ƙasashen Afirka mafi saurin bunƙasa, gine-gine da gadoji suka tashi a Khartum, amma a cikin shekarun nan ne magudanan Jazira suka cika da laka da ciyawa, noman da ya riƙe mu aka yi masa riƙon sakainar kashi. Da man ya tafi sai muka juya ba mu tarar da abin da muka bari ba. Tsorona shi ne bayan yaƙi matsuwar za ta fi ta da, kuma wanda ke neman fili ko ramin zinariya a farashin banza ya san haka sarai.

Ummu Khadija, Kassala:

Ɗan Maiwurno, ban manta da tambayarka ba, kuma ba zan ce ka kira ƙanenka ya dawo ya zauna hannu rabbana ba. Abin da zan roƙa shi ne ka gaya masa kada ya taɓa ƙona dunƙulen a cikin ɗaki ko rumfa, kada ya yi a tukunyar da ake girki da ita, kuma ya tsaya ta inda iska ke fitowa. Kayan da yake aiki da su kada ya kawo su gida a wanke tare da na yara, kada kuma ya ajiye kwalbar zaiba inda ake kwana, domin tana fitar da tururi ko ba a sa ta a wuta ba. Idan matarsa tana da ciki, ta nisanci wurin gaba ɗaya. Ka tambaye shi ko hannunsa ya fara rawa, ko dasashinsa yana ciwo, ko barci yana gagararsa.

Ɗan Maiwurno:

Na gode Inna, zan karanta masa saƙonki kalma bayan kalma idan ya samu layi ya kira, domin sai ya hau dutse yake samu. Yaya Abu Yasir, don Allah ka turo mini zanen tukunyar nan da awon bututun. Akwai maƙeri a kasuwar Sinnar da muka yi makarantar allo tare, zan kai masa ya gwada, in ta yi kyau in ba direban da ke kai musu ruwa da gari ya tafi da ita.